Jan Tauraro Ba Shi Ne Mafi Zafi Ba



Mu ƴan ajin ƙarshe roƙo ɗaya gare mu bana: a saka mana ilimin taurari cikin karatunmu, ko da dare ɗaya ne a wata. Mun san akwai iyayen da in sun ji an ambaci taurari sai gabansu ya faɗi, su ce za a koya wa yara duba. To, ku ba mu aron hankalinku kaɗan ku ji irin abin da muke son a koya mana.

In aka tambayi mutum tsakanin jan tauraro da fari wanne ya fi zafi, yawanci zai ce ja, tunda garwashi ja ne. Amma a je maƙera a gani. In maƙeri ya sa ƙarfe a wuta yana zuga, da fari sai ya yi ja, in zafi ya ƙaru ya koma rawaya, in ya kai matuƙa ya yi fari fat. Haka taurari suke. Launin tauraro shi ke nuna zafin samansa: ja shi ne mai ƙarancin zafi, sai rawaya, sai fari, sannan mai shuɗi-shuɗi wanda ya fi su duka. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Wien, ya fitar da lissafin wannan dangantaka a 1893, kuma da irin wannan lissafi ake auna zafin tauraro ba tare da an je kusa da shi ba.

Wannan ba sai da madubin hangen nesa ba, ido ma ya isa. A lokacin ɗari, daren da hazo ya lafa, ku dubi gabas bayan isha'i. Za ku ga taurari uku a jere, ga wasu manya biyu sun sa su tsakiya. Wannan gungun shi Larabawa ke kira Jauza'u. Ɗaya daga manyan ja ne, Turawa suna ce masa Betelgeuse, zafin samansa kamar digiri 3,300. Ɗayan fari ne mai shuɗi, sunansa Rijlu, wato ƙafa, zafinsa ya kusa digiri 12,000. Su ukun nan na tsakiya kuwa kowannensu ya haura digiri 25,000. Ranarmu da ke gasa mu a bazara tana tsaka-tsaki ne, kamar digiri 5,500.

Wani zai ce, in jan nan bai kai rana zafi ba, me ya sa yake haske haka? Girma ne. Faɗinsa ya ninka na rana sau ɗaruruwa.

In kun bi layin taurari ukun zuwa ƙasa, za ku iske Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Duk cikin taurarin dare babu wanda ya kai shi haske, fari ne, zafinsa ya haura digiri 9,000. In kun bi layin zuwa sama kuma, ga Dabaran mai ja-ja, kamar digiri 3,600, gaba da shi ga Kaza da ƴaƴanta, wato Surayya, wadda manyan taurarinta masu shuɗi ne. Da damina kuwa, in gari ya washe, Kunama tana kudu da jan tauraronta a ƙirji, Ƙalbul Aƙrab, wanda zafinsa ya yi kusa da na Betelgeuse.

Mu koma kan tsoron duba. A ganinmu wannan ilimin ma shi ke rushe duba. Mai duba yana cewa burujin da aka haife ka cikinsa shi ke da halinka da rabonka. Amma wanda ya karanta ya san taurarin da muke gani a gungu ɗaya sau da yawa babu abin da ya haɗa su sai idonmu. Dabaran da Surayya a buruji ɗaya suke, na Sa, alhali hasken Dabaran shekara 65 yake yi kafin ya iso mu, na Surayya kuwa sama da shekara 400. Siffar sa ko ta kunama mutane ne suka zana da tunaninsu don su riƙa gane hanya da lokaci. Yaron da ya san haka, da wuya boka ya ci kuɗinsa da sunan tauraro.

Kuma ilimin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu na dā suna lissafin manazil 28, bakwai ga kowane yanayi: bazara, damina, kaka da ɗari, kuma manoma suna tambayarsu wane tauraro ake ciki kafin shuka. A shekarar 964 Abdurrahman as-Sufi ya rubuta littafin da ya bayyana gungun taurari 48 tare da zanensu. Yau duniya ta amince da gungu 88, amma sunaye irin su Rijlu da Dabaran har yanzu da Larabci ake kiransu a jami'o'in Faransa da Amurka. Mu da muke karanta Larabci kullum, ai abin kunya ne a ce ba mu iya nuna su da yatsa ba.

Akwai masu cewa lokaci ya yi kaɗan, ga hadda ga fiƙihu ga nahawu. Gaskiya ne. Shi ya sa ba mu nemi a rage ko darasi ɗaya ba. Abin da muke so bai wuce awa ɗaya bayan isha'i ba, a daren da babu farin wata, a kashe fitilun farfajiya, a ajiye wayoyi, malami ya tsaya da mu. Kowane ɗalibi ya zana gungun da ya gani a takarda, ya rubuta launin kowane tauraro, gobe a aji a gwada da adadin zafinsa. Babu kuɗin da za a kashe.

Muna roƙon shugaban makaranta da kwamitin iyaye su duba wannan magana kafin ɗari mai zuwa, lokacin da Jauza'u ke fitowa da wuri. Mu dai za mu fita, amma ƙannenmu suna nan. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.