Teɓa Ba Ita Ce Shaidar Arziki Ba

Sanin kowa ne cewa a Dauran, da sauran garuruwan Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, da zarar yaro ya gama karatu ya kama aikin gwamnati, ba a jimawa sai a fara duban cikinsa. In ya ajiye teɓa, sai a ce wane ya samu, hutu ya zauna. To, a ganina lokaci ya yi da za mu sake lale, domin abin da muke yi wa barka shi ne sau da yawa ke share wa ciwon sukari hanya.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa, jiki yakan mayar da su sukari a cikin jini. Daga nan sai wata halitta da ke bayan tumbi ta saki sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne ya yi sallama a ƙofar tsoka da kitse don a buɗe wa sukari ya shiga. Idan masu gida suka daina amsa sallama, sai sukari ya taru a jini, ya shiga ɓata idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Me ke hana su amsawa? Babban dalili guda shi ne kumburi. Ba irin na maruru ko na targaɗe da ido ke gani nake nufi ba, a'a, wani ne na ɓoye, mai ci ta ƙarƙashi kamar wutar ƙaiƙayi. A 1993 masana a birnin Boston na Amurka suka gano cewa kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da wani sinadarin kumburi da ke dakushe aikin insulin. A 2001 kuma wani bincike a kan mata fiye da 27,000 ya nuna cewa waɗanda alamun kumburi suka fi yawa a jininsu, su ne suka fi kamuwa da ciwon sukari daga baya. Kitsen da ke kewaye da hanji kuwa ya fi kowane hura wannan wuta. Taba sigari da ciwon dasashi da aka ƙyale su ma suna ƙara mata itace.

Iyayenmu a ƙafa suke zuwa gona, a ƙafa suke kai gyaɗa kasuwa. Ma'aikacin yau kuwa daga kan babur sai kan kujera, ga shayi mai sukari da safe, ga lemon kwalba da rana. Bugu da ƙari, rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu, ya zaunar da su a gari.

Wani zai ce, tun da kumburi ne, ai sai a tafi kemis a sayi maganinsa. Nan ne fa ya kamata a yi hattara. A 2018 aka bayyana sakamakon wani gwaji a kan masu ciwon zuciya fiye da 10,000: maganin ya rage kumburi, amma bai rage kamuwa da ciwon sukari ba. Abin da ya fi wannan muni, ƙwayar dexamethasone, wadda wasu mata ke sha don su yi ƙiba, maganin kumburi ce, amma ita kanta tana ɗaga sukarin jini. Ka ga an gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da ya tabbata yana aiki ba ya bukatar ko kwabo. A 2002 wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa masu dab da kamuwa, da aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 30 ke nan a rana, sau biyar a mako. Wane ma'aikaci ne zai ce bai da wannan lokaci?

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi su tabbatar kowane ɗakin shan magani, har na Dauran, yana da na'urar auna sukari da kayan aikinta, don kada talaka ya jira sai ƙafa ta ruɓe kafin a ɗauke shi zuwa Gusau. Ma'aikata kuma, kowa ya ari awon tela ya zagaya cibiyarsa. Namijin da ya kai santimita 94, ko macen da ta kai 80, sai a je a auna jini. Ɗalibai kuwa, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ku ne za ku kai wannan bayani zaurukan iyayenku, amma cikin ladabi.

Wutar ƙaiƙayi tun ba ta yi harshe ba ake zuba mata ruwa. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu gane, amin.