Wanda Ya Karye a Kwatar Hukuma, Wa Zai Biya Shi?

Duk wanda ya san Gashua da Nguru a watan Agusta ya san yadda ruwa ke shafe iyakar titi da kwata. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a bakin fadama, ruwa ba ya saurin janyewa, kuma ambaliyar 2022 ta nuna wa mutanen Bade abin da kogin Yobe ke iyawa. A irin wannan lokaci ne ɗan dako da buhu a ka yake taka inda ya zaci ƙasa ce, sai ya zurma kwalbatin da murfinsa ya daɗe da karyewa. A ɗauke shi zuwa wurin maɗori, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. 'Yan dubiya su yi ta shigowa: "Sannu, Allah ya sa kaffara ne." In an yi dace kansila ya leƙo, ya damƙa ɗan abin sayen magani, a yi masa godiya har ƙofar gida. Ba wanda zai ce uffan game da wanda ya bar ramin a buɗe.

Mun yarda da ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa cewa tana sauke lamuni daga kan mai sakaci ba. A mazhabar Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a, inda ba shi da ikon haƙawa, shi ke ɗaukar nauyin wanda ya faɗa. Dokar ƙasa ma ba ta bar abin a duhu ba. Jadawali na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina titunan cikin gari da gyara su, da magudanan ruwa, fitilun titi, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da kwashe shara. Hukumar da ke yankar rasit a bakin rumfa, ita ke da alhakin rumfar idan ta rufta wa mutum. Ana iya kai ta ƙara kamar kowa.

To me ya sa ba a kaiwa? Tsoro da talauci na ciki, amma babban shingen doka ce da yawancin jama'a ba su taɓa jin sunanta ba: Dokar Kare Jami'an Gwamnati. Asalinta tun 1916, zamanin Turawa, kuma jihohin Arewa sun gaji irinta daga dokokin tsohuwar Jihar Arewa. Abin da ta ce shi ne, mai ƙarar jami'i kan wani aiki ko sakaci a bakin aikinsa sai ya shigar da ƙarar cikin wata 3, in ya wuce haka kotu ba za ta saurare shi ba, komai gaskiyarsa. A 1998, a shari'ar Ibrahim da Kwamitin Harkokin Shari'a na Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba, ta haɗa da hukumomin gwamnati kansu. Ga kuma dokokin ƙananan hukumomi na jihohi da dama da ke neman a fara aika takardar sanarwa, a jira wata guda, kafin a doshi kotu.

A auna wannan da karayar cinya. Mutum na kwance an ɗaure masa ƙafa da karare, iyali na sayar da akuya don abinci, maɗori na cewa kada ya kuskura ya taka. Ranar da ya fara dogara sanda ya fito ƙofar gida, ranar ce wani zai ce masa ai da ka nemi lauya. Kafin nan wa'adi ya cika. Akwai 'yan ƙofofin da doka ta bari, kamar idan cutarwar na ci gaba ko jami'in ya fita daga hurumin aikinsa, amma gardama ce ta lauyoyi da ba kowa ke iya ɗaukar kuɗinta ba. Abin takaicin, Ingila da aka kwaikwayo dokar daga wurinta ta soke tata tun 1954, kuma wanda aka ji wa rauni a can shekara 3 yake da ita.

Ko an ci shari'ar ma da sauran tafiya, domin sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni Janar. Wato ka ka da gwamnati a kotu, sannan ka koma kana roƙon lauyanta ya yarda a biya ka.

Ciyamomi na da tasu hujjar, kuma ba mu raina ta ba. Shekara da shekaru kuɗinsu na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ke isa sakatariya da ƙyar ya wuce albashi. Babban titin da ya haɗa Nguru da Gashua ma ba nasu ba ne. Sannan idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ne ke juye shara a kwata, daga cikinmu ake samun masu fasa murfin kwalbati don cire rodi. Kotu na duba duk wannan, tana rage diyya gwargwadon sakacin mai ƙara. Amma tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, hujjar "ba mu da iko" ta fara rauni. Wanda ya nemi a sakar masa kuɗi, ya shirya a tambaye shi ramin da bai rufe ba.

Kiranmu ga Majalisar Dokokin Jihar Yobe shi ne ta cire raunin jiki da rasa rai daga wa'adin wata 3 a dokokin jihar, ta kuma wajabta wa ƙananan hukumominta 17 su ware wani kaso a kasafinsu don biyan diyya, ko su yi inshora. Sulhu a gaban bulama ko hakimi ba laifi ba ne, sau da yawa ya fi kotu sauri, muddin an rubuta shi kuma ba a ja shi har wa'adi ya shige ba.

Kafin majalisa ta motsa, nauyin na kan dangin mai rauni. A ɗauki hoton wurin a ranar, kafin a zuba masa ƙasa. A karɓi takardar likita ko da ɗorin gida za a yi, a adana rasit, a rubuta sunayen waɗanda suka gani. A kai takardar koke sakatariya, a sa su buga hatimin karɓa a kan kwafi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, domin dokarta ta 2011 ta haɗa da neman diyyar haɗari. Duk wannan a yi shi a makon farko, mai rauni na kwance.