Tsohon Gidan Kwana-Kwana Ba Kayan Gwanjo Ba Ne

Ran 14 ga watan Fabrairu na 2025 gobara ta tashi a wani ƙasaitaccen otal na birnin Landan mai suna Chiltern Firehouse, masaukin attajirai da taurarin sinima. Itace mai ci ne ya faɗo daga tanderun gashi, wuta ta bi cikin gini har ta kai rufi. Sai da aka tara motoci 20 da 'yan kwana-kwana wajen 125 kafin a shawo kanta. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Abin ishara a nan shi ne, ginin asalinsa gidan 'yan kwana-kwana ne, an gina shi a 1889, aka rufe a 2005, ya zama otal a 2014. Gidan da ya shekara fiye da 100 yana kai wa maƙwabta gudummawa, ran da tasa ta zo sai da ya jira a kawo masa daga wasu unguwanni.

Irin gidajen nan suna da tarihi. A 1865 New York ta kafa rundunar kashe gobara mai albashi, Landan kuwa a 1866. A wancan zamani dawaki ke jan injin ruwa, doki kuwa ba ya nisa da kaya a guje, saboda haka aka yi ta gina gidajen kusa da kusa a tsakiyar jama'a. Dawaki da inji suna ƙasa, ma'aikata suna kwana a bene, ga doguwar hasumiya ta shanya mesar ruwa. A Chicago ne a 1878 aka ƙago sandar nan da ma'aikaci ke sulalowa a kanta daga bene, don kada a ɓata ko daƙiƙa a matakala.

Ba a musun cewa zamani ya wuce waɗansunsu. Landan ta sallami dawakinta a 1921, New York a 1922. Motocin yanzu sun fi ƙarfin ƙofar da aka yi wa keken doki, gyaran tsohon gini kuma yana cin kuɗi. In an gina sabon gida a unguwar aka tashi daga tsoho, babu mai ƙorafi.

Amma sau da yawa ba ƙofa ce ta yi kaɗan ba, fili ne ya yi tsada. A watan Janairu na 2014, zamanin da Boris Johnson ke magajin garin Landan, an rufe gidaje 10 rana ɗaya da sunan tsimin kuɗi, aka soke guraben aiki 552. Cikinsu har da na Clerkenwell, wanda ke aiki tun 1872. Na Belsize an yanka shi ɗaki-ɗaki ya zama gidajen kwana na masu hali. Baitulmali ya sami kuɗi sau ɗaya tak, amma mintocin da aka ƙara wa tafiyar motar ruwa, mutanen unguwa za su yi ta biyansu duk ran da hayaƙi ya tashi.

Talakawan unguwar Williamsburg a New York sun gane haka tun 1975. Da hukuma ta zo rufe gidan runduna ta 212 saboda birnin ya talauce, sai maza da mata da yara suka tare a ciki, suka hana a fitar da mota. Wata 16 suna kwanan karɓa-karɓa, har hukuma ta saduda ta mai da ma'aikata. An dai rufe shi a 2003, amma tsayuwar tasu ta saya wa unguwar kariya ta shekara fiye da 20.

Haka kuma akwai yadda ake sake amfani da tsohon gida ba tare da an ci amanar jama'a ba. Gidan runduna ta 31 a titin Lafayette, wanda aka gina a 1895 kamar fadar sarakunan Faransa, 'yan kwana-kwana sun bar shi a 1972. Wata ƙungiya mai suna DCTV ta shiga ta raya shi, ta mai da shi wurin koya wa matasa ɗaukar fim. Kuɗin haraji ne ya gina shi, kuma 'ya'yan masu biyan haraji ne suka ci gajiyarsa.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ikko ta fara aikin kashe gobara tun 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, kuma ta ga gobarar benen NET a 1983, Badun ta ga ta Cocoa House a 1985, kasuwar Balogun ta ƙone a 2019. Ɗan Arewa mai rumfa a Mile 12 ko Agege ko Sabon Badun ba shi da inshora, jarinsa duka yana cikin buhunan da yake kwana a gefensu. Shi ne na farko da nisan motar ruwa zai kassara, a biranen da farashin fili ke hawa kullum.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su san gidan kwana-kwana mafi kusa da su, su san ko akwai mota mai lafiya da ruwa a cikinsa, su kuma tsare duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a da sharaɗi biyu. Na farko, kada a rufe tsohon gida sai sabo ya fara aiki a unguwar. Na biyu, in an tashi daga tsohon, ya zama asibiti ko makaranta ko wurin koyon sana'a, ba kanti ko otal na wani mai uwa a gindin murhu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.