A KOYA WA MASU CIWON DAJIN WUYA HAƊIYA TUN KAFIN GASHI

Duk wanda ya san kasuwar Illela ta ranar Lahadi ya san irin jama'ar da ke haɗuwa a wannan gari na kan iyaka, daga Birnin Kwanni da ƙauyukan kewaye. A cikin irin wannan jama'a ba a rasa masu fama da ciwon daji na baki ko na hanci ko na maƙogwaro. Idan ciwon ya yi tsanani, sai an yi tafiyar wajen mil 50 zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usman Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Shi gashi da na'ura yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana 5 a kowane mako. Yana kashe ciwon, amma kuma yana busar da miyau, yana sa naman maƙogwaro da muƙamuƙi su sandare. Majiyyaci yakan ji zafi ya daina haɗiya, kuma naman da ba a motsawa ƙara ƙagewa yake yi. Sai ka ga mutum ya koma gida an ce ya sami sauƙi, amma ko fura ya kurɓa sai ya ƙware. Abincin da ya ɓace hanya ya faɗa huhu kuwa yana jawo ciwon huhu mai kisa.

Abin ban takaici shi ne rigakafin wannan matsala ba ya cin ko kwabo. Motsa jiki ne kawai: mutum ya haɗiye miyau da iyakar ƙarfinsa, ya riƙe bakin harshe tsakanin haƙora ya haɗiye miyau, ba da abinci a baki ba, ya riƙa wangale baki kullum don ya ci gaba da ɗaukar yatsu 3 a jere. A 2013 likitocin asibitin MD Anderson na Amurka sun bayyana binciken da suka yi kan majiyyata 497. Kashi 92 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da cin abinci da motsa maƙogwaro lokacin gashi sun koma cin abinci kamar kowa. A cikin waɗanda suka bar duka biyun, kashi 65 ne kawai suka koma.

Saboda haka muna kira ga hukumomin lafiya da su sa a koya wa kowane majiyyaci wannan motsi da Hausa tun kafin ranar farko ta gashi, tare da ɗan'uwan da ke jinyarsa. Haka kuma a horar da ma'aikatan jinya na Babban Asibitin Illela, domin wanda ya dawo gida ya sami mai duba shi ba sai ya nemi kuɗin mota zuwa Sakkwato ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su kuma majiyyata kada su fara sai ma'aikacin lafiya ya nuna masu.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.