Dashen ƙoda: Haɗarin da ke jiran majiyyaci bayan tiyata

A watan Maris na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin dashen sassan jiki, shekara 25 bayan dashen ƙoda na farko a Najeriya, wanda aka yi a Asibitin St. Nicholas da ke Legas. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga cinikin ƙoda da kare masu bayarwa. Ba a cika tabo cututtukan fungas, wato dangin funfuna, da ke kama majiyyaci bayan an sallame shi ba.

Duk wanda aka yi wa dashe sai ya dawwama a kan magungunan danne garkuwar jiki, irin su tacrolimus, don kada jikinsa ya ƙi baƙon sashen. Hakan ke buɗe ƙofa ga ƙwayoyin da ba su cika yi wa mai lafiya illa ba. Ana shaƙar Aspergillus a ƙura da ruɓaɓɓen ganye, ya kama huhu. Cryptococcus kuwa ana samunsa a kashin tattabaru, yana kuma haddasa sanƙarau. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fungas 19 masu barazana, ta sa waɗannan biyun a rukuni mafi haɗari.

Rigakafin ya danganta da sashen da aka dasa. Mai sabuwar ƙoda akan ba shi co-trimoxazole na tsawon watanni don kare shi daga ciwon huhun Pneumocystis, yayin da masu dashen huhu da wasu masu dashen hanta ke buƙatar ƙarin magani tun farko.

Maganin kansa yana da tarko. Fluconazole da voriconazole suna hana hanta sarrafa tacrolimus da sauri, sai ya taru a jini ya lalata ƙodar da aka kashe miliyoyi a kanta. Haka kuma tari da zazzaɓin fungas suna kama da na tarin fuka. Idan aka yi kuskure aka ba da rifampicin, sai tacrolimus ya ragu a jini, jiki ya ƙi ƙodar, cutar kuma tana nan. Saboda haka ba a raba wannan jinya da gwajin jini akai-akai.

Nan ne aikin hukumomi yake. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, don haka ya dace hukumar NHIA ta fayyace matsayin waɗannan gwaje-gwaje da magunguna masu tsada irin su amphotericin B. Ya kamata kuma Ma'aikatar Lafiya ta gindaya wa kowace cibiyar dashe sharaɗin mallakar ɗakin gwajin fungas, tare da tsarin bibiyar waɗanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar suka dawo gida.

Ga ma'aikacin da ke tara kuɗin dashe, lissafin da ya tsaya a kuɗin tiyata bai cika ba.