Ibnu Lahi'a da tambayar da muka daina yi

Abdullahi ɗan Lahi'a malami ne da ƙasar Masar ta yi ji da shi. Halifa Mansur ya naɗa shi alƙali a shekara ta 155 bayan Hijira, ya rasu a 174. Ba a san shi da ƙaga ƙarya ba. Duk da haka, manyan masana hadisi irin su Yahaya ɗan Ma'in da Nasa'i sun ce ruwayarsa mai rauni ce.

Abin da ya fi shahara shi ne gobara ta cinye littattafansa wajen shekara ta 170. Ya koma karantarwa da ka, hadda kuwa ta fara rikice masa. Sai mutum ya zo da takarda ya karanta masa hadisin da ba nasa ba, shi kuma ya amsa. Malamai ba su yar da shi ba, ba su kuma rufe ido saboda rawaninsa ba. Sai suka bi ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. Abin da Ibnul Mubarak da Ibnu Wahbi da Almuƙri'u suka ɗauko daga gare shi an fi yarda da shi, sauran a dakata. Imamu Muslim ma bai kawo shi ba sai haɗe da wani maruwaicin.

Wannan ilimi na tantance hadisi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Malam Abdullahin Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya karanta Buhari a gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya lissafa malamansa a Ida'un Nusuhi, ya kuma tsara ƙa'idojin hadisi a Misbahur Rawi. Ga kabarinsa nan a Gwandu ana ta ziyara.

To, yau fa? A majalisa a Kalgo, yaro zai ɗaga waya ya ce, "Ya zo a hadisi," don kawai ya gani a WhatsApp. Idan ka tambaye shi wa ya ruwaito, sai ya ce, "Ai babban malami ne ya faɗa." Wannan ya dame ni ƙwarai, domin magana ce ake jingina wa Manzon Allah (SAW). Alƙalin Masar sukutum an tace maganarsa, balle saƙon da ba a san mafarinsa ba.

Malamanmu na zaure a Gwandu da Kalgo, Allah ya gafarta muku, ku fito da Misbahur Rawi ku karantar da shi ga matasa, ko da sau ɗaya ne a mako bayan Magariba.