Sikelin gidan waya ba ya ba da gyara

A kasuwar Dantokpa da ke Kwatano, idan ka sayi mudun masara ko na garin rogo, mai sayarwa za ta cika shi har ya yi tozo, kai kuma ka ce a yi maka gyara, ta ƙara maka tafi guda ba tare da ta ɓata rai ba. Da wannan tarbiyya muka tashi, kuma ina son ta. Sai dai akwai wurin da ba ta aiki, wato gaban sikelin gidan waya da na kamfanonin kai saƙo. A can giram goma da suka haura iyaka suna iya jefa ƙunshinka cikin wani farashi dabam, kuma mutanenmu na unguwannin Ladji da Zango suna asarar kuɗi a kan wannan ɗan abu fiye da yadda ya kamata.

Kowa ya san irin saƙon da ke fita daga unguwanninmu. Uwa tana da ɗa yana karatu a Faransa ko Maroko, ko 'ya tana aure a Beljiyam. Sai ta haɗa busasshen kifi da jatan lande na tafkin Nokuwe, da garin Savalu, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, wani lokaci har da turmin atamfa da ɗan turaren wuta. An gaya mata cewa kilo biyu ne iyaka, ita kuma lissafinta mai sauƙi ne: tun da kuɗin kilo biyu zan biya, to sai kilo biyun ya cika cif, kada a ci ni ko da ƙwayar barkono. Na fahimci wannan lissafi sarai, domin ƙauna ce ta haife shi, tare da sanin wahalar da aka sha kafin a tara kuɗin. Amma shi ne yake mayar da uwar nan gida da kwali a ka, ko ya sa ta tsuguna a bainar jama'a tana farke ƙunshin da ta kwana tana ɗaurewa, ga mai zemijan, wato babur ɗin haya, a waje yana jira.

Ya kamata mu san daga inda iyakar ta fito, don mu daina zaton ma'aikacin da ke bayan kanta ne ya ƙirƙiro ta saboda mugunta. Gidan wayar Benin, La Poste du Bénin, wanda ya tsaya da ƙafarsa a 2004 bayan an raba tsohuwar hukumar gidan waya da tarho gida biyu, yana bin ƙa'idojin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya. An kafa ƙungiyar a birnin Bern na Suwizalan a 1874, kuma yau ƙasashe 192 ne a cikinta. A tsarinta, wasiƙa da ƙaramin ƙunshi suna tafiya a layi ɗaya matuƙar ba su wuce kilo 2 ba. Da zarar nauyi ya haura haka, kayan sun tashi daga ajin wasiƙa sun koma ajin babban ƙunshi, mai nasa farashi da nasa buhu, har takardar kwastan ɗin ma takan canja daga ƙaramar nan ta CN22 zuwa babbar, CN23. Girma ma yana da tasa iyakar: a ƙaramin ƙunshi, tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su wuce santimita 90, kuma kada gefe ɗaya ya wuce 60.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne farashin nan hawa-hawa yake tafiya kamar matakala. Wanda ya kawo giram 1,990 da wanda ya kawo 2,010 kusan kaya ɗaya suka ɗauko, amma ba a mataki ɗaya suke tsaye ba. Haka wasiƙa. Matakin farko a yawancin ƙasashe giram 20 ne, takardar ofis ta yau da kullum kuwa kowace ɗaya giram 5 take. Ke nan takarda uku da ambulan sun shige, ta huɗu ce take tsallakar da kai. Ɗalibin da ke aika kwafin takardun shaidarsa waje ya riƙe wannan. Tsarin tsoho ne, tun 1840 da Rowland Hill ya kawo kan sarki na farko a Ingila, aka ce wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba, kimanin giram 14, fenni ɗaya za ta biya ko ina za ta a cikin ƙasar. Kafin nan ana ƙirga yawan takardu da nisan tafiya ne, kuma galibi mai karɓa ne yake biya. Talaka ya ci ribar wannan canji, domin ya san abin da zai biya tun kafin ya bar gida. Mu ma za mu ci ribar idan muka yarda mu auna yadda ya dace.

To daga ina ƙarin nauyin yake zuwa, alhali an rantse an auna a gida? Yawanci kayan ciki ake aunawa a manta da mazubi. Kwali yana da nauyinsa, ledojin da aka ƙunshe daddawa rufi uku don kada wari ya fita suna da nasu, sannan ga salatif. Mu mutanen Kwatano ba ma wasa da salatif, sai mun naɗe kwali kaf ba a ganin launinsa, kuma wannan kaɗai ya isa ya cinye ɗan sararin da ya rage. Sai matsalar sikelin kansa. Wanda ake aro wajen mai nama ko mai kifi, na rataye mai allura, zanensa giram hamsin-hamsin ne ko ɗari-ɗari, kuma allurar takan gaji. Na awon mutum da ake takawa bai ma san da zaman giram hamsin ba. Na gidan waya kuwa yana karanta ƙananan giram, kuma nasa ne hukunci.

Akwai wani abu da mu mazauna bakin tafki ya kamata mu fi kowa sani. Iskar Ladji a jiƙe take, balle daga Afrilu zuwa Yuli da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa. Kwali yana shan raɓa, haka busasshen kifi, haka gari da kuka. Ƙunshin da aka auna ranar Litinin da rana tsaka, aka ajiye a ƙasan ɗaki har Alhamis, ba lallai ya tashi da nauyin da aka sani ba. Wanda ya cika har baki bai bar wa damina wurin zama ba.

Shawarata ga mai aikawa ita ce ya bar sarari da gangan. A ƙunshin kilo 2, a tsaya a giram 1,900 bayan an haɗa da kwali da komai. A babban kaya mai iyakar kilo 20 ko fiye, a bar rabin kilo. Kada a rufe kwalin a gida, a tafi da shi a buɗe da salatif a jaka, tun da dama ana iya cewa sai an ga abin da ke ciki. A kuma ɗora wani ƙaramin ƙulli a sama, wanda in an ce ya haura sai a zare shi kawai ba tare da an birkice kayan duka ba. Kuma kafin a ba kilishi wuri a cikin kwali, a sani cewa ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigo da nama da kayan madara daga waje a saƙon mutum ko a jakarsa. An biya kuɗin nauyinsa a nan, a can kuma a ƙwace shi.

Kamfanonin gaggawa suna da wani lissafin da ke ba mutane mamaki. Ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, har da wurin da kaya zai ci a cikin jirgi. DHL, alal misali, tana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, ta raba da 5,000, abin da ya fito ta kwatanta shi da nauyin gaske, ta caje ka a kan wanda ya fi yawa. Kwali mai santimita 40 da 30 da 30 zai tashi a kilo 7.2, ko da kayan da ke ciki ba su kai kilo uku ba. Don haka ɗan kasuwar da ke aika huluna ko takalma, ya nemi kwalin da ya yi daidai da kayansa, kada ya biya wa iska kuɗin jirgi.

Yanzu ga inda nake so mu yi wa kanmu faɗa. Idan sikeli ya nuna ƙari, abu na farko da ke fitowa daga bakinmu shi ne roƙo: haba ɗana, giram talatin ne fa, ka rufe ido. Wannan roƙon ba adalci ba ne. Ma'aikacin nan zai rubuta nauyi a takarda ya sa hannu, buhunan saƙo kuma ana sake auna su kafin su hau jirgi, domin da nauyi ne gidan waya yake biyan kamfanin jirgi, da shi ne kuma ƙasashe suke lissafi a tsakaninsu. In aka sami bambanci, shi za a tambaya. Muna neman ya yi mana kyauta da abin da ba nasa ba, kuma mu sa abincinsa cikin haɗari saboda ƙullin yaji.

Haka muke yi wa matafiya. Mutum zai tashi daga filin jirgin Kajehun, an ba shi jaka mai kilo 23, sai maƙwabta su yi ta sallama da dare, kowa da ɗan saƙo, kowa yana cewa ba shi da nauyi. Kunya ta hana shi ƙi. Gobe shi ne zai durƙusa a gaban kanta yana fitar da tufafinsa, ko ya biya kuɗin ƙari daga guzurinsa. Alhazai sun fi kowa sanin wannan. Wanda zai ba da saƙo ya auna shi tukuna, ya faɗi nauyinsa, ya kawo shi a buɗe don mai ɗauka ya ga abin da zai ɗauka da idonsa, in kuma an ce babu wuri kada ya riƙe a zuci. Ita kuwa iyakar kilo 32 da ake sa wa jaka guda, an sa ta ne saboda bayan ma'aikatan da ke ɗaga kaya. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dako ya tsufa a Dantokpa ya san wannan iyaka tana da dalili.

Ba mai aikawa kaɗai ke da nauyi a wuyansa ba. Alƙur'ani ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifin, a kan masu tauye awo, kuma labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana a kan mudu da sikeli ya ginu. Hukuncin ya hau kan mai riƙe da sikeli kafin kowa. Duk wurin da ake karɓar kuɗi da sunan kilo, gidan waya ne ko ofishin masu haɗa kaya zuwa Turai ko tashar motocin Parakou da Malanville, wajibi ne fuskar sikelin ta kalli mai kaya, a nuna masa sifili kafin a ɗora, a kuma manna farashin kowane mataki a bango da manyan lambobi. Yawancin iyayenmu mata ba sa karanta Faransanci, amma babu wadda za a ruɗe ta a lamba. Hukumar ANM mai kula da ma'aunai a ƙasar nan ta riƙa leƙa waɗannan ƙananan ofisoshi kamar yadda ake duba famfon gidan mai. Ina kuma roƙon La Poste du Bénin ta ajiye sikeli ɗaya a zauren kowane reshe da ba shi da shi, wanda mutum zai gwada kayansa kafin ya shiga layi.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Sikelin lantarki mai karanta giram bai fi ƙarfin unguwa ba. Ina kira ga shugabannin al'umma da kwamitocin masallatan Ladji da Zango su sayi guda, a damƙa shi ga wani mai shago amintacce, a rubuta iyakokin nan a allo kusa da shi da Hausa da Fon da Dendi, duk mai saƙo ya zo ya auna kyauta kafin ya tare zemijan.